Alloli, Gumaka da Halliru Mai Yawon Duniya

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta aiko da tambaya. Ta karanta wani labari na tsoffin "alloli" da wani matafiyi da ba ya mutuwa, suna kallon yadda mutane suka fara gina birane. Shin Hausa tana da sunayen waɗannan?

Malama, "alloli" dai jam'in Allah ne, kuma kunnen Bahaushe bai cika son sa ba. Kakanninmu sun fi rarrabewa. Gunki shi ne abin da aka sassaƙa ko aka girka. Iskoki ba a ganinsu, mazauninsu tsamiya, kuka ko rijiya. Dodo yana da gida kuma ana yi masa yanka. Tsafi kuwa aikin ne da kansa, shi ya sa ake cewa "tsafi gaskiyar mai shi", wato wanda ya yarda da shi ne yake gani a kansa.

Karon birni da tsafi kuwa an yi shi a Kano. A gindin Dala akwai itaciyar Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin, da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, shugaban tsafinsu. Ana kawo baƙin bunsuru, baƙin kare da baƙar kaza. Barbushe da bakinsa ya ce wani baƙo zai zo ya mulke su. Bagauda, sarkin Kano na farko, ya zo wajen shekarar 999, Sarki Gijimasu ya fara ganuwa, Musulunci ya shigo fada zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), daga baya aka sare itaciyar.

Matafiyin kuma mun san shi, har muna raɗa wa yara sunansa: Halliru. Shi ne Khidir na Larabci, bawan Allah da Annabi Musa ya bi a Suratul Kahfi, wanda ya huda jirgi ya kuma tayar da bango. Malamai sun saɓa, Nawawi yana ganin yana raye, Ibnul Jauzi ya ce ya rasu.

Ina "l" ta Halliru ta fito? Harafin Larabci da almajirai ke kira lodi, Hausa "l" take mayar da shi. Haka "ƙadi" ya zama alƙali, "wudu'i" ya zama alwala, "farida" ta zama farilla. Har yanzu tsofaffi Ramalan suke cewa.