Hukuncin koyar da haƙƙin ɗan Adam da dokar hana wariya a makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina koyarwa a sakandaren gwamnati, an ba ni darasin sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa. A manhajar akwai haƙƙin ɗan Adam da dokokin hana nuna bambanci. Wasu abokan aiki sun ce tsarin Turawa ne, mai koyar da shi yana taya yaɗa hukuncin da Allah bai saukar ba. Ajina akwai Musulmi da Kirista. In ci gaba, ko in nemi a canza mini darasi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ka ci gaba da darasinka, halal ne, albashinsa ma halal ne, da sharaɗin da zan ambata a gaba.

Ba a haramta ilimi don asalin waɗanda suka rubuta shi, abin da ke ciki ake dubawa. Annabi (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bn Jud'an kafin aike, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Mushrikai ne suka ƙulla shi, hakan bai hana shi yabonsa ba.

Buɗe babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 33 zuwa 46. Akwai kare rai, hana azabtarwa da bautarwa, sauraron wanda ake tuhuma kafin hukunci, sirrin gida, da mallakar dukiya. Mafi yawan wannan yana cikin larurori biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don kiyayewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Yaron da ya san sashe na 35 ya san cewa wanda aka kama dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ya san dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, abin da Alƙur'ani ya riga ya yanke a Suratul An'am aya ta 164, cewa wani ba ya ɗaukar laifin wani. Koyar da wannan taimakon wanda aka zalunta ne.

Sashe na 42 shi ne na hana wariya: ƙabila, garin asali, jinsi, addini, ra'ayin siyasa, da yanayin haihuwa. A nan nake so ka daɗe, don cutar tana cikin gidanmu. Gorin "ɗan bayi", raina mahauci da maƙeri da wanzami, tsokanar gurgu da zabiya, hana yaro gurbin karatu don kakansa baƙo ne a garin, duk jahiliyya ce. Da Abu Zarr ya gori wani da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Suratu Abasa ta sauka a kan makaho, Ibn Ummi Maktum. Haɗa ta da dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, yara za su riƙe.

Sharaɗin yana wajen 'yan wurare da suka saɓa wa nassi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamba 1948 tana da sassa 30. Na 16 ya ce addini ba ya hana aure, alhali Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, Baƙara 221 da Mumtahana 10. Na 18 ya ambaci 'yancin canza addini. Haka masu fassara daidaiton jinsi da cewa rabon gado ya zama ɗaya, saɓanin Nisa'i 11. A irin wannan ka faɗi abin da takarda ta ce ka jingina mata shi: "sanarwar ta ce kaza." Mai hakaito magana ba mai ita ba ne. Haramun shi ne ka ce ta fi hukuncin Allah adalci, ko ka yi wa hukuncin izgili. Ka kuma sanar da su cewa Saudiyya ta ƙaurace wa ƙuri'ar 1948, ƙasashen Musulmi sun fitar da tasu sanarwar a Alƙahira a 1990, kuma kundinmu kansa, sashe na 275 zuwa 277, ya bar aure da gado da wakafin Musulmi a hannun kotunan Shari'a.

Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka kowane bambanci wariya ne. Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, ba ya gadon wanda ya yi cikinsa, amma yana gadon uwarsa, kuma haramun ne a gore shi ko a kore shi daga aji, ba shi da laifin komai. Raba wa ɗalibai waɗannan biyun a allo.

Tunda ajinka gauraye ne, kada ka mai da shi zauren wa'azi. Sashe na 38 na kundinmu ya hana tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Shi ne kuma garkuwar 'yarka: da shi da na 42 aka kafa hujja har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi hijabi a makarantun Legas a Yunin 2022. A wuraren da suka saɓa wa nassi jumla biyu sun isa a aji, tafsilin fiƙihu ka tura yaran Musulmi wajen malamin addini. Maki kuwa ka raba shi da adalci ko da wanda ba ka so ne, Ma'ida aya ta 8. A jarrabawar WAEC ko NECO ɗalibi ya rubuta abin da doka ta ce, babu zunubi, tambayar doka aka yi masa ba ta aƙida ba.

Wallahu a'alam.