Mantuwar tsofaffi da hoton ƙwaƙwalwa: likita ya amsa tambayoyinku

Yawancin saƙonnin wannan makon a kan iyaye ne da suka fara ruɗewa, da hoton kai da ake tura su yi. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani gidaje da yawa.

Tambaya daga Argungu: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya haura shekara 70. Wata biyu da suka wuce da ƙafarsa yake zuwa fadama duba shinkafa, yanzu kuwa ya ruɗe, barci ya yi masa yawa, yana jan ƙafar hagu. An rubuta mana hoton kai, amma yayyena sun ce gigin tsufa ne, kada a wahalar da tsoho.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka roƙi yayyenka ku kai Baba yau, kada a kwana ana shawara. Cutar Alzheimer, wato ciwon mantuwar da kan kama tsofaffi, a hankali take cin mutum, shekara da shekaru, ba ta kayar da manomi mai ƙarfi cikin wata biyu. Abin da na fi zargi shi ne jini ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Idan mutum ya manyanta ƙwaƙwalwarsa kan ɗan ja baya, ƙananan jijiyoyin jinin da ke samanta su miƙe su yi rauni. Zamewa a banɗaki ko gwaruwa da ƙofar zaure ta isa ta tsinka ɗaya, jini ya yi ta tsattsafowa makonni, har kowa ya manta an taɓa buguwa. Hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka cikin 'yan mintoci, yakan nuna shi ƙarara, kwance a gefe kamar jinjirin wata, ya danne ƙwaƙwalwa. Likitan tiyata zai huda ɗan rami a ƙashi ya fitar da shi, kuma da yawa suna komawa hayyacinsu. Akwai masu wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Hoton yana iya nuno wani abu daban, kamar ƙari ko toshewar jijiya, kowanne da irin kulawarsa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, musamman in akwai asfirin.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gusau: Likita, an yi wa Innarmu hoton MRI, takarda ta ce ƙwaƙwalwarta ta motse. Shi ke nan Alzheimer ce? Kuma mu 'ya'yanta za mu gada?

Amsa: Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Takardar nan kaɗai ba ta yanke hukunci, domin ƙwaƙwalwar duk wanda ya tsufa tana ɗan motsewa. Abin dubawa shi ne ina ne ya motse. A cutar Alzheimer, wurin da kan fara lalacewa wani ɗan lanƙwasasshen sashe ne can ciki daura da kunne, ana ce masa hifokamfas, shi ke ajiye sabon abu. Shi ya sa tsohuwa za ta ba ki labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ta rantse ba a ba ta tuwo ba alhali kwanon yana gabanta.

A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata bayan rasuwarta: dunƙulen wani sunadari a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Kusan shekara ɗari bayan haka, sai mutum ya mutu ake tabbatar da cutar. A 2004 masu bincike na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka fito da wani ruwan allura da ke manne wa dunƙulen nan mai suna amiloyid, wata na'urar ɗaukar hoto mai suna PET ta haska shi mutum yana raye. A shekarar ce kuma aka fara wani babban bincike a can mai suna ADNI, inda ake ɗaukar hoton ɗaruruwan tsofaffi a kai a kai. An gano amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su ga alama. An kuma gano akwai tsofaffi masu ɗauke da shi da hankalinsu garau. Don haka ni na fi dogara da bakinki a kan hoto. Yaushe abin ya fara? Tana rikita raka'o'in salla? Tana zuba gishiri sau biyu a miya? Ta taɓa ɓata a hanyar gidan da ta saba zuwa? Sai a haɗa da gwajin jini na suga, da na sunadarin maƙoƙo (thyroid), da na bitamin B12, a kuma duba ko damuwa ce ta danne ta, domin duk waɗannan suna kawo mantuwa kuma suna jin magani.

Ki sake karanta takardar, ko an ambaci fararen tabo a cikin ƙwaƙwalwa. Su ne sawun hawan jinin da aka yi sakaci da shi, ƙananan jijiyoyi suna toshewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya faɗi ba. A wajenmu wannan ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don magidanci yakan sha magani wata ɗaya, kai ya daina ciwo, ya ajiye.

Batun gado kuwa, nau'in da ke bin jini kai tsaye bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma yakan bayyana tun mutum bai tsufa ba. Wani bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, aka tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Kwamitin masana na mujallar Lancet kuma ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, suga, taba, raunin ji da zaman kaɗaici. Ki auna jininki, Malama, ke da ƙannenki.

Tambaya daga Yawuri: Hannun kawuna yana karkarwa, tafiyarsa ta koma sanɗa. An yi MRI an ce ba a ga komai ba, dangi suka ce sammu ne.

Amsa: Haka hoton MRI na yau da kullum yakan fito a cutar Parkinson, lafiya lau. Ƙwayoyin da ke samar da sunadarin dofamin ne ke mutuwa a wani ɗan wuri, kuma wannan hoton ba ya kama su. Da ido da hannu likitan jijiya ke gane ta: karkarwar da ke zuwa idan hannu yana ajiye a cinya, sanƙarewar gaɓɓai, fuska ta daina motsi. Maganin levodopa yana sassauta ta sosai. Ku ci gaba da addu'a, ku kuma mayar da kawu asibiti.

Tambaya daga Anka: Ɗana yana cikin yaran da suka tsira daga gubar dalma a 2010. Ya zama saurayi, amma karatu ba ya zama masa, ga saurin fushi. Hoto zai nuna abin da ke damunsa?

Amsa: Baba, Allah ya jiƙan yaran da aka rasa, sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro lokacin da take ginuwa. Wani bincike na birnin Cincinnati da aka wallafa a 2008 ya ɗauki MRI na matasan da dalma ta shiga jininsu tun suna ƙanana, aka ga goshin ƙwaƙwalwarsu, mai kula da natsuwa da danne fushi, ya ragu, musamman a maza. Sai dai a jimillar mutane aka ga haka. Hoton yaro ɗaya ba zai canza kulawar da za a ba shi ba. Kuɗin ya fi amfani wajen auna dalmar jininsa, da ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato, da koya masa sana'ar hannu. Kada a bar shi ya shiga niƙan dutsen zinari, kuma a daina ce masa daƙiƙi.

Tambaya daga Zurmi: An taɓa harbina, akwai ɓurɓushin harsashi a kafaɗata. Zan iya shiga MRI?

Amsa: Allah ya ƙara tsarewa. Kada ka shiga sai ka gaya musu. MRI babban maganaɗisu ne, yana iya motsa ƙarfen da ke jiki ko ya zafafa shi. Za a fara ɗaukar hoton ƙashi a ga inda yake da girmansa, in akwai shakka a yi maka CT, shi ba ruwansa da jan ƙarfe. Haka ma mai na'urar bugun zuciya, da maƙeri ko mai walda da tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, su ma su faɗa kafin su shiga MRI.