Tsohon bais ɗin mahaifina ya cije: in gyara ko in kai wa 'yan gwangwan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wani tsohon bais, ƙarfen nan da ake ɗaurewa a teburi don matse abin da ake aiki a kai, da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi kanikanci a nan Zariya. A jikinsa an rubuta Record No. 4. Ya fi shekara goma a yashe a bayan ɗaki, ruwan damina na dukansa. Yanzu ya cije, ko motsi ba ya yi. Hannunsa ya lanƙwashe, haƙorinsa ɗaya yana girgiɗi, kuma ina ganin wani siririn layi ta can baya kamar tsagewa. Wani mai walda ya ce in kawo ya zura wa hannun bututu ya murɗe shi da ƙarfi, sannan ya bi layin da walda. Abokina kuma ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in cika kuɗi in sayi sabo. Wanne zan bi?

Wani mai karatu, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kafin komai, don Allah kada ka bari a zura wa hannun nan bututu. Tsatsar shekara goma ba ta kashe bais ɗin ba, amma bututu zai iya kashe shi cikin minti ɗaya. Jikinsa ƙarfen zubi ne, wanda 'yan sana'a ke kira kas. Kas yana ɗauke da sinadarin gawayi mai yawa, wajen kashi 3 cikin 100, kuma gawayin yana kwance a cikinsa ne falle-falle kamar ƙananan ɓawo. Shi ya sa kas yake jure danniya amma ba ya jure ja ko lanƙwasa: ba ya yi maka gargaɗi, sai dai ka ji ƙas, ya rabu. Masu ƙera bais sun auna tsawon hannun ne daidai ƙarfin mutum ɗaya, suka kuma yi shi da ƙarfe mai taushi domin shi ya fara lanƙwashewa kafin jikin ya fashe. Lanƙwasar da kake gani shaida ce cewa an taɓa matsa masa fiye da kima, hannun ya ɗauki wahalar a madadin uwar jiki.

Abin da ke hannunka kuwa ba na yarwa ba ne. Kamfanin C & J Hampton na Shefild a Ingila, wanda aka kafa a 1898, shi ya yi ta ƙera Record shekara da shekaru. Mai lamba 4 faɗin bakinsa inci huɗu da rabi ne, mai lamba 3 inci huɗu, mai lamba 6 inci shida. Sunan yana nan har yau a ƙarƙashin Irwin, amma an daɗe da daina ƙera su a Shefild. Ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi tsohon Record mai lafiya ka ji yadda mai shi zai riƙe wuya. Da tsohuwar zuma ake magani.

To amma duk wannan yabon ya rataya ne a kan siririn layin nan, don haka da shi za ka fara, tun kafin ka kashe ko sisi a kan fenti. Ka goge wurin da burushin waya har ƙarfe ya fito. Ka zuba kananzir, ka bar shi minti goma ya shiga, ka share saman da tsumma ya bushe ƙayau, sannan ka goga farin alli. Idan tsagewa ce, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai dawo ya jiƙa allin, ya zana maka ita daga farko har ƙarshe, har da inda ido bai gani ba. Idan allin ya tsaya fari, to layin haɗin zubi ne kawai ko ƙarzuwa, ka gode wa Allah ka wuce.

Idan ta tabbata tsagewa ce, wurin da take shi ne magana. Ka ce ta can baya take. Ina kyautata zaton a wutsiyar harshen ne, wato dogon ƙarfen nan mai rami a ƙasa da ke shige da fice cikin jikin bais yana rufe sukurun tsakiya. Nan ne aka fi samun tsagewa a irin wannan bais, domin mutane suna mayar da doron wurin uwar maƙera, su ɗora ƙusa ko faranti su yi ta buga guduma. Wannan tana gyaruwa, don wutsiya ba ta ɗaukar nauyi sosai in an matse. Haka ma ƙafar da ake ɗaure shi da teburi in ta ɓalle. Wadda nake tsoro ita ce ta wuya, inda muƙamuƙi ya haɗu da harshe ko da uwar jiki. Duk ƙarfin matsi nan yake taruwa. Ana iya like ta, har ta yi kyau a ido, amma ni ba zan tsaya gaban bais ɗin da aka yi wa walda a wuya ina jan sufana da ƙarfina ba.

Sai batun waldar ita kanta, kuma a nan ne yawancin tsofaffin bais ke rasa ransu a hannun masu kyakkyawar niyya. Sandar waldar da ake haɗa ƙofa da taga da ita ba ta dace da kas ba. Narkakken ƙarfen yana tsotsar gawayin kas ɗin, ya sandare da tauri kamar gilashi, yana hucewa yana tsukewa, sai ya buɗe sabuwar tsaga a gefen tsohuwar. Wani lokaci tun mai waldar bai ajiye gilashinsa ba za a ji tana ƙara. Yadda ake yi shi ne a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe ta da giranda ta zama kwari, a ɗumama ƙarfen gaba ɗaya a kan garwashi ya kai kamar digiri 300 ko sama da haka, sannan a yi amfani da sandar nikel. Ana yi ne guntu-guntu, kamar inci ɗaya, a tsaya, a bubbuga ɗinkin da ƙaramar guduma tun yana da zafi don ya saki, a sake wani incin. In an gama a binne shi cikin toka mai ɗumi ko busasshen yashi ya kwana. Ba ruwa, ba fanka. Ni a wutsiya na fi son like da tagulla da wutar gas, domin ba a narka kas ɗin kansa, tagullar ce ke bin jikinsa ta kama. Ka tambayi mai waldarka ko yana da sandar kas, wato ta nikel ɗin, da kuma yadda zai huce da aikin. Amsarsa za ta gaya maka ko za ka bar masa kayanka.

Yanzu cijewar. Abu biyu ne ke iya cijewa, ko sukuru a cikin notinsa, ko harshe a cikin jiki, kuma sai ka raba su kafin ka san da wa kake faɗa. Ka kifa bais ɗin. A ƙarƙashi, kusa da gaba, za ka ga sifirin da wosha da wani fil da ya ratsa sukurun. Su ne ke jawo muƙamuƙi waje in ka kwance. Ka danne sifirin ɗin, ka fitar da fil ɗin, ka adana su a gwangwani. Daga nan sukurun ba ya jan komai, don haka in shi lafiyarsa ƙalau zai warware ya fito ta gaba shi kaɗai. In bai juya ba, sai jiƙo. Ka samu bokitin ƙarfe, ka nutsa shi cikin man gas ko kananzir, ko ka naɗe shi da tsumma ka riƙa jiƙawa safe da yamma. Kwana uku, mako guda, wani har mako biyu. Kullum ka ɗan jijjiga hannun gaba da baya, ka bubbuga jikin da guntun katako domin girgizar ta farfasa tsatsar man ya samu hanya. Ranar da ya motsa ko da faɗin farce ne, ka ci nasara, saura maimaitawa. In ya ƙi, ka ɗan gasa wajen notin da wuta, amma bayan ka goge man sarai ya bushe, a fili, nesa da bokitin.

In sukuru ya fita, ka ɗora katako a wutsiyar harshen ka buga katakon, kada guduma ta taɓa kas kai tsaye. Kafin nan ka shafa gefen wutsiyar da yatsa. Dukan shekaru kan sa bakinta ya baje, kuma wannan 'yar bajewar ta isa ta hana harshen wucewa, ko ta fasa jikin in aka tilasta. Magagari zai share ta cikin minti biyar. Na taɓa yini guda ina fama da wani bais ina zagin tsatsa, ashe wannan ce kawai.

Cire tsatsa shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ya fi tsorata mutane. Burushin waya da samfefa sun isa in kana da haƙuri. In kana son hanyar da ba ta cin ƙarfen, ka zuba ruwa a robar wanka, kowace lita huɗu cokali ɗaya na sodar wanki. Ka haɗa baƙar wayar cajar batir mai bolt 12 da bais ɗin, jar wayar kuma da wani guntun rodi da ka tsoma a gefe, kada su taɓa juna. Ka lura da kyau: baƙa a jikin abin da kake so, ja a jikin abin da za ka yar. In ka juya su, bais ɗin ne zai cinye. Kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda aka bar muku wuta, tsatsar za ta koma baƙin dauɗa mai fita da burushi. A yi shi a waje don iskar da ke tashi tana kama wuta, kada a sa gishiri, kada a yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa a matsayin rodin. Ruwan batir kuwa, da wasu ke ba da shawara, ka nisance shi, yana cin tiredi, wato zaren jikin sukuru, tare da tsatsar. Kana fitar da shi daga ruwa ka busar a rana ka shafa mai, don kas tsirara kafin la'asar ya sake yin ja.

Da ka wanke sukurun da notin, ka dube su a haske. Tiredin bais mai faɗin kai ne, ba mai tsini irin na bol ba. In ka ga kan ya sirance ya yi kaifi kamar wuƙa, ya cinye. Yawanci noti ne ke riga sukuru mutuwa. A Record notin yana zaune ne a wani gurbi cikin jiki, wani fil ya tare shi ta baya. Ka fitar da fil ɗin, notin zai zame. Masu injin sassaƙa ƙarfe za su iya yanka maka sabo, amma ka kai musu sukurun da tsohon notin tare, su auna a jikinsu. Ɗan wasan da hannu ke yi kafin muƙamuƙi ya amsa, in bai wuce rabin zagaye ba, kada ya dame ka. Sau da yawa ma sifirin ne ya gaji ko wosha ta sirance.

Haƙorin da ke girgiɗi yana da tarko guda. Ƙananan sukurorin da ke riƙe shi na awon inci ne, irin tsohon tiredin Ingila na Whitworth, mai kusurwar digiri 55, alhali na milimita da ya cika kasuwa yanzu 60 ne. Na milimita zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya tsaya, yaro ya ƙara ƙarfi, ramin ya lalace. Ka tafi da tsohon a aljihu wurin masu kayan tsofaffin injuna. In ba a samu ba, a faɗaɗa ramin kaɗan a yanka masa sabon tiredi na milimita, wannan ba laifi ba ne. In haƙoran sun suɗe sun yi santsi, a yanka sababbi daga ƙarfe mai kauri, har faifan sifirin na mota yana yi in an fara kashe taurinsa da wuta.

Hannun kuma, a gasa inda ya lanƙwashe ya yi ja a miƙe shi a kan uwar maƙera. Kada a musanya shi da ƙarfe mai tauri, ka riga ka san dalili.

Fenti, shuɗi aka san Record da shi, in kana son ya koma kamar yadda Baba ya san shi. Tsohon fentin na iya ƙunsar dalma, don haka ka rufe hanci in za ka kankare, kuma ba a tsakar gida inda yara ke wasa ba. Kada fenti ya taɓa harshe, ko haƙora, ko sukuru. Giris kaɗan a tiredi, baƙin mai kaɗan a harshe. Na ce kaɗan ne saboda ƙurar hunturu da garin ƙarfe: in suka haɗu da giris mai yawa sai su zama kamar samfefa, su riƙa cin notin da ka sha wahalar gyarawa. In ka zo ɗaurawa, saman haƙoran ya zo daidai gwiwar hannunka kana tsaye, muƙamuƙin baya kuma ya ɗan zarce bakin teburin, yadda dogon ƙarfe zai sauka ƙasa bai tokari katako ba. Bol ya ratsa teburin har ƙasa da noti da wosha.

Shawarar abokinka ba za ta taso ba sai in alli ya nuna maka tsaga a wuya. Ko a nan ɗin ma, 'yan gwangwan kilo za su auna, ba ruwansu da Shefild. Ka cire sukurun da notin da sifirin da haƙoran ka ajiye, domin akwai mai irin wannan lamba 4 ɗin da jikinsa ke lafiya notinsa ya cinye, yana yawo kasuwa yana nema. Gangar jikin kuma ka ɗaure ta a ƙarshen teburi don ƙaramin aiki irin na magagari da riƙe makulli, inda ba a buƙatar matsi mai ƙarfi.