Tambayi Likita: Hutu Ya Ƙare, Yaro Ya Ƙi Makaranta

Da zarar hutu ya zo ƙarshe, tambayoyin iyaye sukan koma kan abu guda: yaro na kuka, yarinya na ciwon ciki, barci ya rikice. Ga huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Likita, 'yata shekararta bakwai. Tun da aka koma makaranta, kullum da safe sai ta riƙe ciki ta ce yana mata ciwo. In na bar ta a gida, kafin azahar ta ware tana tsalle-tsalle. Babanta ya ce ƙarya take yi, a zane ta kawai. Daga wata mahaifiya.

Amsa: Hajiya, a ajiye bulalar tukuna. Galibi ciwon na gaske ne. Hanji na da jijiyoyi masu tarin yawa da ke haɗe da ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki sinadarin adrenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hanji ya murɗa, wani har tashin zuciya ko gudawa. Ba banza ba ake cewa cikin wane ya ɗuri ruwa.

Amma ki fara duba jikin. In akwai zazzaɓi, amai, jini a bayan gida, rama, ko ciwon yana tashinta daga barci, ko yana nan har ranar da babu makaranta, to asibiti za a je. Taurin bayan gida ma yakan sa yara ciwon ciki fiye da yadda iyaye ke zato.

In babu ko ɗaya, ga inda iyaye suka fi yin kuskure saboda tausayi. Duk ranar da kika bar ta a gida, hankalinta ya kwanta nan take, ƙwaƙwalwarta kuma ta koyi cewa gudu ne magani. Gobe tsoron zai fi na yau. Saboda haka za ta je, amma ba da tsawa ba. Ki ce mata: "Na yarda cikinki na ciwo, kuma na san za ki iya." Kada ki tambaye ta da safe ana cikin sauri. Da yamma, kuna zaune, maimakon "me ya sa ba kya son makaranta?", ki ce: "Wane lokaci ne ya fi miki wuya, shiga aji, lokacin wasa, ko zuwa banɗaki?" Na taɓa duba wata yarinya da aka yi ta ɗura wa maganin tsutsar ciki, ashe ƙofar banɗakin makarantarsu ce ba ta rufuwa, sai ta riƙe fitsari tun safe har a tashi. Da aka yi magana da malamarta, ciwon ya tafi. In aka kai mako huɗu abin bai sassauta ba, ki nemi likitan yara ko masanin halayyar yara.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu zai fara zuwa. Ko maƙwabta aka kai shi sai ya ƙanƙame ƙafar uwarsa. Mun shirya in ya shagala da wasa mu sulale. Ya ya ka gani? Daga wani uba.

Amsa: Malam, kada ku sulale. Yaron da ya waiwaya ya ga babu kowa, gobe ba zai sake sakin rigarka ba. Tsoron rabuwa da iyaye halitta ce, yakan fara tun jariri yana wajen wata takwas, ya kuma dawo a irin wannan lokaci. Ku kai shi ya ga wurin kafin ranar, ya ga ajinsa da malamarsa. Ranar farko sallamar ta zama gajera, ka faɗa masa lokacin da za ka dawo da abin da zai gane, kamar "bayan kun gama wasa", kuma ka zo a kan lokacin. Yawancin yara kan yi shiru jim kaɗan bayan iyaye sun tafi. Sannan don Allah a daina cewa "bari a koma makaranta in haɗa ka da malam." Kun mai da malamin dodo, kuna kuma mamakin yaro ya ƙi zuwa wurinsa.

Tambaya: Yarona shekara 14, duk hutun nan sai ƙarfe biyu na dare yake kwanciya, yana kan waya. Saura kwana goma a koma. In saya masa maganin barci? Daga wata uwa.

Amsa: A'a, ban da maganin barci sai likita ya rubuta. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Ki sani ba duka laifinsa ba ne: a shekarun balaga jiki kan jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke kawo barci, hasken waya kuma ya ƙara jinkirta shi. Ki fara daga tashi, ba daga kwanciya ba. Kullum ki tashe shi da wuri fiye da jiya da kamar rabin awa, ya fita hasken rana, ban da dogon barcin rana. Waya ta kwana a wajen ɗakinsa, awa ɗaya kafin kwanciya. In taki ma ta kwana a can, gardamar za ta yi sauƙi.

Tambaya: Jikana ne, shekararsa tara. Ya daina fitsarin kwance tun yana ɗan huɗu, sai ga shi ya dawo da aka fara zancen komawa makaranta. Ya kuma zama shiru-shiru. Daga wata kaka.

Amsa: Mama, wannan ba na jira ba ne. Yaron da ya yi wata shida ko fiye bai jiƙa shimfiɗa ba sannan ya dawo, sai an gwada fitsarinsa. Ciwon mafitsara na iya jawo haka, ciwon suga ma haka, musamman in yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa. In akwai waɗannan, yau za a kai shi, ba gobe ba.

In gwaji ya fito lafiya, shirun nan ne ya fi damuna. Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. Yara maza musamman ba sa faɗa, suna gudun a ce musu ragwaye. Ki lura: littafi ko riga na dawowa a yage? Kayansa na yawan ɓata? Akwai wani yaro ko babba da in aka ambaci sunansa sai ya sunkuyar da kai? Ke kaka ce, wataƙila ya faɗa miki abin da ba zai faɗa wa babansa ba. In ya fara magana, kada ki katse shi, kada ki ce "ai kai ma ka rama." Ki ce ya kyauta da ya faɗa, sannan iyayensa su je wurin hukumar makarantar. In ya ambaci wani ya taɓa shi a inda bai dace ba, ko ya ce ya gaji da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Shimfiɗar kuma a wanke ta ba tare da an shanya maganar a gaban ƙannensa ba.