Tambaya da Amsa: Abinci Kaɗai Ya Ishi Matan da ke Gudun Hijira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana tara gudummawa domin mutanen da rikici ya raba da muhallansu. Na ba da shawarar a ware wani kaso don audugar mata da kayan haihuwa, sai wasu suka ce mai jin yunwa ba ta wannan yake ba, a bari sai ƙura ta lafa. Shin suna da gaskiya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu mai musun muhimmancin abinci da ruwa da makwanci, amma naƙuda ba ta jiran a tsagaita wuta. Ma'aikatan agaji suna gina lissafinsu a kan cewa kusan kashi 4 cikin 100 na jama'ar da bala'i ya shafa mata ne masu juna biyu, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗannan za su gamu da matsalar da ka iya raba su da ransu, kamar zubar jini, jijjiga ko doguwar naƙuda. Saboda haka ne tsarin agajin lafiyar haihuwa da ake kira MISP ya tanadi a fara aiki cikin awa 48 na farko. Kayan haihuwar da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa ba wasu masu yawa ba ne: ledar shimfiɗa, sabulu, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya da safar hannu.

Audugar mata kuwa, masu raina ta galibi ba su taɓa buƙatarta ba. Macen da ta gudu da zanin jikinta kaɗai, idan al'ada ta zo mata ba ta da ƙunzugu, ba za ta iya tsayawa a layin rabon abinci ba, sai ta kwana da yunwa alhali hatsin yana nan. Haka batun bayan gida yake. Ƙa'idojin agaji na ƙasa da ƙasa da ake kira Sphere sun ce kada masu amfani da bandaki ɗaya su wuce mutum 20, kada kuma nisansa da makwanci ya wuce mita 50. Inda babu fitila, babu sakata, ba a kuma raba na maza da na mata ba, mata sukan rage shan ruwa don gudun fita da dare, lamarin da ke jawo musu ciwon mafitsara. Shi ya sa ake sanya tocila da usur a cikin kayan da ake ba su.

Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa. Wadda aka yi wa fyaɗe tana buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, da maganin hana ɗaukar ciki cikin awa 120, tare da rufa mata asiri. Idan lokacin ya wuce, amfanin waɗannan magunguna ya wuce. Wani lokacin ma mai rabon kayan ne abin tsoro. Rahoton da ya fito a 2002 game da sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ya nuna yadda wasu ma'aikatan agaji ke neman lalata da 'yan mata kafin su ba su kaya, kuma a 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da dokar da ta haramta wa ma'aikatanta hakan ƙarara.

A ganina shawararki tana kan hanya. Sai dai kafin ku sayi komai, ku tura mata su zauna da matan sansanin su kaɗai, domin wasu sun fi son tsumman da ake wankewa, wanda shi kuma yana buƙatar ruwa da sabulu da wurin shanya a ɓoye. Rabon ma mata su yi shi, da rana, a kuma sanar da kowa cewa kayan kyauta ne, ba a biyan komai a kansu.