Tambayi Masu Kicin: Daga Tukunyar Gida Zuwa Tukunyar Sana'a

Tambaya: Na gama sakandare bara, kuma burina in zama kuku a babban otal. Babana ya ce girki aikin mata ne. Ko da ya yarda ma, ban san ta inda zan fara ba: makaranta zan shiga ko wurin wani zan je in koya? Daga wani matashi a Bukuru.

Amsa: Ƙanenmu, maganar Baba ba ta gardama ba ce, lallashi take so. Ka tuna masa cewa mai tsire, mai balangu, mai shayi da mai gashin burodi duk maza ne, kuma da wuta da wuƙa suke ciyar da iyalansu. Kicin ɗin otal ma cike yake da maza.

Hanya biyu ce, kuma mun fi so ka haɗa su. Ta farko karatu. Idan kana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ka zauna JAMB ka nemi difloma ta ND a fannin kula da otal da abinci a kwalejin kimiyya da fasaha, shekara 2 ce, babbar difloma ta HND kuma ƙarin shekara 2. A cikin karatun za a tura ka aikin sanin makama na SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a nan Jos take kula da shi. Akwai kuma NIHOTOUR, cibiyar gwamnatin tarayya ta koyar da harkar otal da yawon buɗe ido mai hedikwata a Abuja, tana da gajerun kwasa-kwasai. Kafin ka biya kuɗi a kowace makarantar girki mai zaman kanta, ka nemi a shigar da kai kicin ɗinsu. Ƙirga murhu, ƙirga ɗalibai. Inda mutum 30 suke leƙen malami ɗaya yana girki, kallo za ka saya, ba sana'a ba.

Ta biyu ita ce shiga kicin a matsayin yaron aiki. Kada ka sa ran riƙe ludayi a watannin farko. Wanke-wanke za ka yi, da feraye dankali, da yankan albasa buhu guda, da gyaran kaji, kana tsaye awa 10 ko fiye, har ranar Sallah. A nan ne hannu yake faɗawa. Wuƙa ita ce jarrabawarka ta farko: ka lanƙwashe yatsun hannun da ke riƙe da albasa kamar faratan mage, gefen wuƙar yana gogar gaɓoɓin yatsu, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum, domin sai ka danna da ƙarfi, ita kuwa sai ta sulluɓe. Babban kuku zai zuba maka karas ya ce ka yanka, idan wani ya fi wani girma zai mayar maka, saboda ƙanana za su narke kafin manyan su nuna.

Otal na kirki zai nemi takardar gwajin lafiya ta masu taɓa abinci kafin ya ɗauke ka. Ka kuma sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta awon duk abin da aka dafa a gabanka. Baƙon da ya ci miya yau ya ji daɗi, gobe irinta yake so, ba kusa da ita ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka tambaya tun ranar ganawa: wasu otal suna dafa naman alade, suna kuma sa giya a wasu miya. Ka faɗi matsayinka a fili tun farko, ka nemi sashen da babu su, ko ka nemi wani wurin.

Tambaya: Kowa yana yabon dafa-dukata a gida. Sai na karɓi aikin biki na mutum 200. Ƙasan tukunya ya ƙone, sama da tsakiya ba su nuna ba, kuma abin da ya rage a kula kafin magariba ya yi tsami. Ina na yi kuskure? Daga wata uwargida a Unguwar Rogo.

Amsa: Hajiya, sannu da wannan asara. Ba hannunki ne ya canza ba, babbar tukunya ce take da nata hali.

Mu fara da awo. Ki ajiye mudu ki sayi sikeli, domin mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Ana lissafa giram 100 zuwa 120 na ɗanyar shinkafa ga mutum ɗaya, wato mutum 200 kilo 20 zuwa 24, kusan rabin buhu. Kada ki zuba wannan a tukunya ɗaya. Ki raba uku, kilo 8 kowace, a tukunya mai faɗi mai kaurin gindi. Doguwar tukunya nauyin shinkafar sama ne yake danne ta ƙasa ta manne, tururi kuma ba ya iya ratsawa ya kai sama. Shi ne kika ga ƙanzo a ƙasa, tsaki-tsaki a sama.

Sai markaɗe. Tumatirin kasuwar Farin Gada ruwa ne da shi sosai. Ki dafa markaɗen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa shi kaɗai har ruwan ya tsotse, sannan ki soya a mai, kamar lita ɗaya da rabi ga kilo 8, sai man ya taso sama, ƙamshin ɗanyen tumatir ya ɓace. Markaɗen da bai soyu ba yana da tsami tun daga tukunya.

Ruwa kuwa ba a ninka shi yadda ake ninka shinkafa. Ki zuba romon nama, ya tafasa sosai kafin ki sa wankakkiyar shinkafa, kuma ruwan ya ɗan rufe ta kawai, kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Gishiri da dunƙule ki sa kashi biyu cikin uku na lissafinki, ki ɗanɗana ruwan, sannan ki cika. Da zarar ruwan ya janye ƙananan ramuka sun fito a saman shinkafar, ki janye itace ki bar garwashi kaɗai, ki rufe bakin tukunya da takardar alminiyam kafin murfi. Minti 20 zuwa 30 tururi ne zai ƙarasa aikin. Juyawa sau ɗaya ko biyu ta isa, da muciya daga gefe, ba tare da kankaro ƙasa ba. Yawan buɗe murfi shi yake sakin tururin.

Tsamin ne ya fi damun mu, domin wannan ya shafi lafiyar mutane. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne a tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Selsiyos, abinci mai ɗumi-ɗumi ke nan. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, idan ta samu ɗumi sai ta farka ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Don haka ki ɗauraye kula da tafasasshen ruwa ki tsane ta, ki zuba shinkafar da zafinta, ki cika ta har baki. Kular da take rabi da sauri take hucewa. Ɗanyar albasa, kabeji, koren wake da hanta kada su shiga cikin kular, a zuba su lokacin rabo. Cokalin rabo ɗaya, busasshe, ba mai sa hannu. Ki lissafa girkin daga lokacin cin abinci ki dawo baya: idan rabo ƙarfe 2 ne, a sauke ƙarfe 12 ko 1, ba da asuba ba. Abin da ya huce ya kai awa 4 a waje a zubar, ko da bai yi wari ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na abinci zai taimake ki, kaza ma sai tsakiyar cinyarta ya kai digiri 75 ta nuna.

Kaza ɗaya idan aka yanka ta gida 8, mutum 200 kaji 25 ne. Ki ƙara 2 saboda abin da ba a rasa ba.

Tambaya: Na koyi kek a Legas, yana yin kyau. Da na dawo Jos, da awo iri ɗaya, sai ya kumbura ya faɗa ta tsakiya. Daga wata ɗaliba a Rikkos.

Amsa: 'Yar'uwa, tudun Jos ne. Garin yana sama da teku da kimanin mita 1,200, iska ba ta da nauyi kamar ta Legas, har ruwa ma a wajen digiri 96 yake tafasa, shi ya sa wake yake jan lokaci a nan. Kwaɓin kek yana tashi da sauri kafin jikinsa ya ƙanƙame, sai ya rufta. A kowane ƙaramin cokali na bekin hoda ki rage kashi ɗaya cikin takwas. A kowane kofin sukari ki rage babban cokali ɗaya, ki ƙara babban cokali 2 na madara a kowane kofin ruwan kwaɓi, musamman da hunturu da fulawa take bushewa. Ki ɗaga zafin obin da digiri 10, kada ki bugi ƙwai ya yi kumfa da yawa, gwangwani kuma kada ya wuce rabi. Ki canza abu ɗaya a kowane gwaji ki rubuta, kuma kada ki buɗe obin kafin minti 20.