Ƙwayar man da leza ke harbi: me ke cikinta?

Ɗan'uwa na Damagaram, ka tambaya ko yuraniyom ɗin Arlit ake zubawa a ƙwayar da leza ke harbi. A'a. Haidurojin ne iri biyu, diyuteriyom da tiritiyom, a daskare cikin ƙwanson lu'ulu'u mai faɗin milimita 2, kamar ƙwayar gero.

Ƙarfin leza, wato haske mai tsananin ƙarfi, ke sa ƙwayar ta matse har haidurojin ɗin ya haɗe ya saki makamashi. Wuyar aikin santsi ne: ɗan kurji a jikin ƙwanson ya isa ya ɓata matsewar.

A Disamba 2022, cibiyar binciken leza ta NIF a Amurka ta harba megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 da leza 192, ta samu 3.15. Kada ka ɗauka riba ce, na'urar ta sha lantarki kusan megajul 300. Tashar wuta kuwa sai da ƙwaya wajen 10 kowace daƙiƙa, masu araha.

Lissafin, ka nemi malaman kimiyya a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram.